Dakan da Ya Bi Hajiya Bawku

"Kwashe turminki ki bar mini gida!" Hajiya Adisa ta daka wa 'yar hayarta tsawa, hannu dafe da kai.

Bashiratu mai sakwara ta ce, "Mma, yau ko doya ban dafa ba."

"Ƙarya kike! Kullum dum, dum a kunnena. Dakanki ne ke tsaga mini kai."

Maƙwabta suka ba da baki, Hajiya ta ƙi. Da kanta ta mirgina turmin waje. Bashiratu ta goya ɗanta tana kuka, ta bar Yendi ta koma Salaga.

Amma ciwon bai sauka ba. Hajiya ta rantse asiri yarinyar ta yi mata, don ko da ta tafi gidan nata ɗan a Bawku dakan ya bi ta.

Ɗan ya kai ta asibiti, aka ɗauki hoton wuyanta. Likita ya ce, "Hajiya, jijiyar da ke kai jini kanki ce ta tsuke. Ƙarar nan jininki ne ke kutsawa."

Hajiya ta buga wa Bashiratu waya don neman gafara.

"Mma, daka nake," in ji Bashiratu, ta kashe.