Ƙaurin da Ya Makara

"Ki gode wa Allah, Hajiya," in ji likitan, yana juya 'yar kwalbar da ya saka tsokar da ya ciro daga hancinta. "Ba ciwon daji ba ne. Irin wannan tsiron sai dai ya toshe hanci, ya sa haɓo, ya hana mutum jin ƙamshi ko wari. Naki ya kai shekara takwas. Amma ba ya kashe kowa."

Ta ƙura wa abin ido. Bai fi ƙwallon dabino ba.

Shekara shida ke nan da ranar da wayar lantarki ta yi tartsatsi, wuta ta kama katifa a uwar ɗaki, 'yarta na barcin rana a ciki, ita kuwa tana falo tana taka keken ɗinki. Mutanen gida na uku ne suka fara jin ƙauri.

"Wace irin uwa ce wannan?" surukarta ta ce a zaman makoki. "Hancin nata na ado ne?"

Ita ma ta yarda laifinta ne.

Mako uku bayan aikin, kumburi ya sauka. Ta ji ƙamshin sabulu, ta ji warin man keke. Sai ta buɗe akwati, ta ɗauko 'yar rigar da aka tsamo daga ɗakin, ta kai hanci.

Ƙaurin yana nan, bai je ko'ina ba.

"Sai yanzu ka zo?" ta ce.