Jan Babur a Ɗakin Tumaki

Karo na ashirin ke nan Bassu yana buga kik, babur ɗin ko tari bai yi ba. Ya tofar da yawu, ya goge hannu a jikin jallabiyarsa, ya sake tofarwa. Wari kam ba a magana. Fitsarin tumaki na wata huɗu, ga ruɓaɓɓiyar ciyawa, ga wani abu da ya mutu a lungu wanda bai ma son sanin mene ne.

A garinmu, can saman duwatsun Azru, da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka, duk tsohon da ke da ɗa a birni sai ya gudu. Bassu ma birnin Meknes ya tafi wajen ɗansa, ya bar amanar jan babur ɗinsa a hannun Haddu, maƙwabcinsa. Amincinsu ya haura shekara arba'in. Rana ɗaya suka sayi baburansu, iri ɗaya, launi ɗaya, tun gashinsu yana baƙi, kuma la'asar ba ta taɓa wucewa ba su sha shayi a babban ɗakin Haddu ba. Ranar tafiya, da hannunsa Bassu ya jingine babur a ɗakin tumakin Haddu, ya lulluɓe shi da bargo. Haddu ya dafa ƙirji ya ce, "Kamar ɗana zan riƙe shi."

To ga ɗan nan. Bargo babu. Rufi ya rufta ta gefe guda, ruwan ƙanƙara ya yi ta ɗiga a kan tanki har tsatsa ta yi ɓawo. Kashin tumaki ya daskare tun daga taya har lamba.

Itto, matar Haddu, ta leƙo daga ɗakin girki tana tari.

"Malam Bassu, sannu da dawowa. Tsaya ka ji..."

"Ina shi mai amanar?"

"Ya tafi kasuwar Talata. Amma dai..."

"Ya hau nasa fes ya tafi, ko? Koma ciki, Lalla Itto, kar in faɗi abin da ba da ke nake ba."

Ta koma. Ta gefen labule ya hango barguna a naɗe kusa da tukwane, ya ce a ransa gidan nan gaba ɗaya ƙazanta ta cinye shi, har kwana suke yi a wurin girki.

Ya janyo babur waje ya duƙufa. Makulli dai tun tuni ya zama ado, ko ƙusa ka zura zai murɗa. Batir ya mutu murus. Ya kwance fulogi, ya fito baƙi ƙirin, ya kankare shi da wuƙa, ya hura, ya mayar. Shiru. Ya ja cok, ya tura a gangara har ƙirjinsa yana zafi. Shiru.

Sai ya cire robar mai ya zuƙa da baki don ya ga ko fetur na saukowa. Kaico! Wani abu mai tsami da kauri ya cika masa baki, ya durƙusa yana kakarin amai. Ya buɗe kafireta, ya tarar da ita koriya shar, tana yauƙi. Da ya buɗe wurin iska kuwa, sai ga sheƙar ɓera, 'ya'ya shida jajaye tsirara suna mutsu-mutsu. Ya watsar da su da sanda.

Duk wannan da ya iya haɗiyewa. Amma ya duba hannun babur, ya ga babu shuɗin dutsen adon da marigayiya matarsa ta ɗaura masa da zaren ulu, shekara guda kafin ta rasu. Ko zaren babu. A nan ne ƙyamar ta bar babur ta koma kan mutum.

Bayan la'asar Haddu ya shigo lungu a kan alfadarinsa, da buhun sha'ir a baya. Mutane na fitowa daga masallaci. Bassu bai jira ya sauko ba.

"Ga amintacce ya dawo! Ku zo ku ga ɗansa, jama'a! Wallahi ko mushen jaki ba a yi wa haka. Tir da kai, Haddu, tir!"

"Yaya Bassu, sassauta murya mana," in ji Haddu.

"Ba zan sassauta ba! Shekara arba'in ina cin gishirinka, ashe da ƙazami marar amana nake haɗa kwano. Ku shaida: na rantse da Allah, ƙafata ba za ta ƙara taka ɗakinka ba har in mutu!"

Liman ya ce subhanallahi. Kowa ya sunkuyar da kai, don a nan rantsuwar da aka yi gaban shaidu ba a yi mata wasa.

Haddu ya sauko a hankali, ya ɗaure alfadari. Ya dubi babur ɗin da aka wargaza a ƙasa, ya daɗe yana dubansa.

"Ka gama?"

"Na gama."

Haddu ya zura hannu cikin hular da ke haɗe da jallabiyarsa ya ciro makulli, ya buɗe babban ɗaki, wanda shi kaɗai ne ba ya yoyo a gidan. Sanyi ya buso daga ciki, don ba a hura murhu kusa da fetur, kuma tun daren da rufin ɗakin tumaki ya rufta aka shigo da babur, ba wanda ya ƙara kwana a nan. A tsakiyar dardumar auren Itto jan babur yake tsaye, an goge shi yana ƙyalli, ga bargonsa a kai, ga shuɗin dutse yana lilo a zaren ulu.

Wanda Bassu ya yini yana tofa wa yawu na Haddu ne. Nasa kuwa ga shi can, taku uku cikin ɗakin da ya rantse ba zai ƙara shiga ba.