Ɗigon Kaki a Nonon Goɗiya

Duk ilimin da ya taɓa amfanar ɗan Adam, a durƙushe aka same shi. Ni na samu nawa ina 'yar shekara tara, a ƙarƙashin wata goɗiya, bayan gidanmu a unguwar Uwani, cikin garin Inugu.

Shanu Baba yake kawowa Inugu, amma yakan haɗo da doki, don Ibo na yankawa a bikin binne manyansu. Wannan goɗiyar tun saukarta daga tirela take gumi, tana waiwayen cikinta, ta kwanta ta tashi. Malam Sule mahauci ya dube ta da idon wanda ya saba da shanu, ya yanke hukunci: "Alhaji, kumburin ciki ne. A kai wa masu biki yau, kafin ta mutu a hannunka."

Baba ya tattare riga, ya durƙusa, ya jawo ni. "Zo, uwata, idonki ya fi nawa. Me kika gani?"

A kan kowane nono akwai ɗigo ɗaya, rawaya-rawaya, a daskare kamar hawayen kyandir. Na gaya masa.

"Kaki ke nan. Haihuwa ce ta matso. Sule, mayar da igiyarka."

"Yaushe dillalin shanu ya zama ungozoma?"

"Ranar da mahauci ya zama likita."

Har yau ina gode wa Baba da ya ari idona, alhali nasa lafiya lau yake.

Bayan kwana biyu ta haihu. Alfadari ne; ashe jaki ne ubansa.