Abin Da Ke Bayan Katin

Saniyar da ke jikin katin ba irin ta nan ba ce. Baƙi da fari ce, ba tozo, ba ƙaho, tana tsaye kan wata ciyawa da ba a taɓa ganin irinta a Paki ba. Yunana ya taɓa fuskar wayar, katin ya juya, kalmar Fillanci ta fito: nagge.

"Shi ya sa ba ya zama maka a kai," in ji Saminu. "Wannan ai saniyar Turawa ce. Cire ta, ka sa wadda ka sani."

Yunana malamin dabbobi ne, mutumin Kaciya, shekara biyu ke nan da aka turo shi Ikara. Aikinsa yi wa shanu allura a rugagen Paki da Saulawa. Mazan suna jin Hausa, amma da zarar sun juya zuwa Fillanci a gabansa, ya san rabin garken ba zai ga allura ba ran nan. Saminu kuwa mai gyaran waya ne a bakin tasha. Shi ya nema wa Yunana ɗakin haya ranar da ya sauka garin, shi ya yi jinyarsa sa'ad da taifot ta kwantar da shi.

Shi ne kuma ya sa masa manhajar katunan: hoto a gaba, kalma a baya. Ya nuna masa yadda ake goge hoton da ya zo da ita a ɗora wani, yadda ake faɗaɗa shi ya cika fuskar waya. Ya ce shi ma zai koya saboda Fulanin da ke kawo gyara. Ya haɗa wayoyin biyu, duk hoton da Yunana ya ɗora sai ya isa wurinsa. Ya ƙara taɓa wasu wurare da sauri, sannan ya miƙo wayar.

Dabarar ta yi aiki. Yunana ya ɗauki farar saniyar Ardo Lawal, kalmar ta zauna. Ya ɗauki karen rugar, rawaandu. Ya ɗauki hanyar da ta ratsa rafi ta ɓulla bayan garke, laawol. Cikin wata uku yana gaisuwa, yana tambayar wace saniya ce ta ƙi kiwo. Ardo ya yi dariya har da riƙe ciki ranar da ya ji shi, ya sa aka dama masa fura, ya ce daga yau shi ɗan gida ne. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa aka ɗauke su hoto. Yunana ya yi kati da shi, ya rubuta kalmar da Ardo ya koya masa ta aboki.

Saminu bai yi nisa ba. Ko nagge ka tambaye shi sai ya sosa ƙeya. Amma bai taɓa gajiya da gyara ba. "Ka matsa kusa da yawa, ja baya garken ya fito duka." "Kare ɗaya ne ko akwai wani?" Ranar da suka zo kan kalmar kasuwa, ya ce a ɗauki rugar bayan maza sun tafi cin kasuwa, don hoton ya fi ma'ana.

A irin wannan ranar aka zo, da rana tsaka. An bi ta rafi, an harbe karnukan biyu tun kafin su yi haushi, an kora shanu sittin da huɗu. Ƙanen Ardo, tsohon da ya rage a gida, an karya masa hannu.

Da Yunana ya je jaje, ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Ya yi gaisuwa da Fillanci, Ardo ya amsa da Hausa.

"Malam, baƙo ɗaya ne ya san hanyar rafin nan. Baƙo ɗaya ne yake yawo da waya a cikin shanuna."

Yunana ya rantse har muryarsa ta dushe. Ba wanda ya ɗago kai. Washegari aka aiko masa daga ofishin 'yan sanda, ya zo ranar Litinin da wayarsa.

Kai tsaye shagon Saminu ya nufa. Saminu ya ajiye abin da yake yi, ya dafa shi, ya saya masa ruwan sanyi. "Ni shaida ne a kanka, ko'ina zan faɗa. Amma ka san mutanen nan, hoto kawai za su gani. Goge manhajar yau, kar ka bar komai. Ko kawo in goge maka."

Yunana ya ce zai yi da kansa. Wata uku na wahala ne, yana so ya ƙara duba su sau ɗaya.

A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa ya zauna yana laluben wurin gogewa. Bai taɓa shiga ɓangaren saiti ba. Can ƙasa ya ga wani layi a kashe: nuna katunan abokin karatu. Ya kunna.

Katunan Saminu suka fito. Hotunan na Yunana ne, ba abin da ya canja. Ya taɓa na garken, ya juya. Babu nagge. An rubuta: sittin da huɗu, bijimai tara. Ya taɓa na karen: guda biyu, a fara da su. Na hanyar: babur na wucewa, ba gida a kusa.

Ya kai kan na ƙarshe, shi da Ardo suna dariya. Ya taɓa, katin ya juya.

Malamin nan za su zarga.