Ranar da Aka Cire Shingen Gada

Da hantsi aka cire shingen gadar, ƙasashen biyu sun haɗe, ba mai tambayar takarda. Tsohuwa mai gasa ayaba ta zuba wa jama'a ido, kowa na ƙetarewa da kayansa a fili. A da, ta cikin kogin nan ake fasa-ƙwaurin gahawa, nan ruwa ya cinye mijinta.

Sai ga wani saurayi gabanta, buhu a ka, tufafinsa na ɗiga.

"Uwar yara, kin tsufa fa! An ce yau kowa ya wuce gida."

Ta leƙa bayansa. Layi ne har bakin kogi, wasu ma yanzu kawunansu ke ɓullowa daga ruwa.