Telan da Ya Ɗinke Bango

Sallau, ajiye kwanon sarkin nan ka zauna. Tun safe nake kallonka kana kwaɓa siminti kana satar kallon hanya, kamar mai shirin binne kayan sata. Na san dalili. An ce masu duba gine-gine za su shigo unguwarmu, kai kuma ba ka so su ga tsagar da ke bangon ɗakin yaranka. Bari in ba ka misali, in ka ji, ka ga dama ka ci gaba da yaɓenka.

An yi wani tela a wani gari da ke gindin duwatsu, inda ƙasa takan ɗan motsa jefi-jefi, kwanuka su yi ƙara, sannan ta lafa. Gidan da yake ciki mahaifinsa ne ya gina, bene ne na tubali da azara. Tsohuwarsa tana ɗakin ƙasa tun ranar da aka kawo ta amarya, ƙafa ta riga ta gaza mata, sai an kama ta take fitowa shan iska. Wata shekara aka aiko ma'aikata garin da wata na'ura. Ita na'urar nan ba bokanci take yi ba, koya mata aka yi. An nuna mata hotunan gidaje ba adadi daga ƙasashen da girgiza ta saba yi wa ɓarna, da waɗanda suka faɗi da waɗanda suka tsaya, har ta gane tsagar da ba ta wuce fatar bango ba da wadda ta ci har ƙashi, yadda yaro ke bambanta gero da dawa don yawan gani. Sai a ɗauki hoton gidanka, a tambaye ka abin da ka sani a kansa, a ba ta. Ita kuma ta ce wannan a tokare shi, wancan a fitar da mutane tukuna, wancan kuwa lafiya lau.

A bangon ɗakin tsohuwa akwai tsaga, ta taso daga kusurwar taga ta yi gicciye har gindin azara, hannu na shiga cikinta. Tela ya san da ita sarai, shekara da shekaru yana cusa mata ƙyallayen shagonsa saboda iska. Da labarin baƙi ya iso, tsohuwa ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, kada ka bari a ɗauki tsiraicin gidan babanka a kai wa duniya." Ka san halinmu. Baƙo zai zo, sai shara, sai yaɓe, sai a tura tsohuwar tabarma bayan ƙyaure. Ga shi kuma mutum ne da sana'arsa ke nan, ya kama yagaggen wuri ya ɗinke har mai riga ya rasa inda ta yage. Ya cike tsagar, ya shafe ta, ya bi gidan da farar ƙasa ciki da waje. Da ma'aikata suka tambaye shi ko bango ya taɓa tsagewa, ya ce shi dai bai san da wata matsala ba, sai godiyar Allah. Na'ura ta ga bango sumul, ta ce lafiya lau. To me kake so ta ce? Abin da aka nuna mata shi ta gani. Maƙwabciyarsa kuwa, wata mai ginin tukwane da mijinta ya rasu, ba ta da mai yi mata yaɓe. Aka ɗauki hoton tsagarta yadda take, aka shafa jan fenti a ƙofarta, alamar gida mai haɗari. Ta wuni tana kuka don kunya, har da telan a cikin masu ba ta haƙuri. Daga baya aka zo aka tokare mata bango, aka sa ginshiƙai, aka ɗaure ginin da ƙarfe.

Ranar da ƙasa ta motsa da gaske, da hantsi ne, tela yana shago yana taka keke. Ya fito a guje ba ko takalmi. Ya tarar da gidan mai tukwane a tsaye, tukwanenta ne kawai suka farfashe. Nasa kuwa ya buɗe daidai inda ya ɗinke shi, bene ya zauna a kan ɗakin ƙasa. Da hannu ya yi ta tono, farce ya fita bai sani ba, yana kiran "Inna! Inna!" har mutane suka janye shi. Da aka fito da ita, farar ƙasar da ya shafa ce ta rufe mata fuska. Mai tukwanen nan ce ta kwance mayafinta ta lulluɓe ta, kuma a gidanta mai jan fenti aka yi zaman makoki, don a nasa babu inda za a shimfiɗa tabarma. Kwana ya ƙare, babu mai ja da wannan. Amma mutumin nan bai sake iya kallon farin bango ba. Ya rayu har ya tsufa, in aka kawo masa riga ta yage sai ya ɗora ta a cinya ya kasa sa mata allura, har mai ita ya gaji ya karɓe abarsa. Wallahi duk sanda na ba da labarin nan sai zuciyata ta karye, don ba mugu ba ne, biyayya ya yi da jin kunya.

To, Sallau, kunyar jan fenti ta ɗan lokaci ce, ruwan sama ma yana wanke shi. Simintin da ka kwaɓa ka kai shi bakin rijiya, dama ya zaizaye. Tsagar nan kuwa ka bar ta a buɗe. In ma'aikata suka zo, ka shige gaba ka kai su har inda yaranka suke kwana, ka janye gado ka nuna musu wadda ke bayansa. Magabata sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.