Matar da ke Bin Masu Jego

Ina da shekara tara, muna haya a unguwar Al Sadd can ƙasar Larabawa, Babana yana tuƙi. Kwana shida da haihuwar ƙanena, da la'asar, Umma ta aike ni bene na ƙasa in mayar wa wata tsohuwa 'yar Turkiyya kwanonta.

Na tarar tana kallon fim ɗin ƙasarsu. Wata doguwar mata cikin jan mayafi ta sunkuya kan mai jego, ta zura hannu cikin cikinta. Ƙamshin gahawa ya cika ɗakin. Har yau idan na shaƙe shi sai matar nan ta faɗo mini a rai.

Tsohuwar ta ce da ni da gurgun Larabci, "Hanta take ci. Ƙarfe kaɗai take tsoro. Ba a barin mai jego ita kaɗai sai ta yi arba'in." Sai ta juyo ta dube ni. "Wa ke wajen uwarki?"

Babu kowa.

Na haura da gudu ba takalmi. Umma na kwance ta fuskanci bango. Na kira ta sau biyu, shiru. Na kurma ihu, ta zabura.

"Ke, lafiya?"

Ina kuka na ba ta labari, ina jira ta ce ƙarya ce. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga matashin jaririn, sai ga wuƙarmu ta yankan albasa.

A hankali ta ce, "Ashe su ma sun san ta."